Mai Sunan Malam

Har yau, idan na matsa makilin a kan buroshi da asuba, kafin ladan ya yi kira na biyu, ƙamshin nan mai sanyi yakan ɗauke ni cak ya dire ni a bakin rariyar gidanmu, a ɗan ƙauyenmu da ke tsakanin Maƙarfi da tashar jirgin Gimi, inda na fara shaƙarsa ina tsugune da guntun wando, hunturu ya tsattsaga mini leɓe, ƙafafuna sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka. Ban fi shekara bakwai ba.

Kafin wannan safiyar, kowa a gidanmu da irin nasa gogen bakin. Baba yana da asawakin marke, kullum soke a bayan kunne ko a aljihun 'yar shara, kansa ya sha tauna ya yi buzu-buzu kamar gemun bunsuru. Mu yara reshen darbejiya muke karyowa a hanyar makarantar allo, mu yi ta tauna ɗacin muna tofarwa har harshe ya saba. Inna gawayi take niƙawa da ɗan gishiri a murfin langa, ta dangwala yatsa ta dirje, ta kurkure da ruwan randa, in ta yi murmushi sai ka ce cikin sabuwar ƙwarya. Kaka kuwa ba ruwanta da fari. Goro da fure take ci, tana zaune a ƙofar ɗaki tana goga furen taba a hankali har haƙoranta su yi jawur, domin a ganinta farin haƙori na yara ne, mace ba ta cika ba sai bakinta ya yi launi. Sannan ga rake, wanda a ƙasarmu ba a ma sa shi a lissafin abinci, sha kawai ake yi tun daga kaka har bazara, ana cewa mai shan rake ya hutar da asawaki.

Kawu ne ya zo da shi. Ƙanen Inna ne, yana aikin masaƙa a Kakuri, can Kaduna, ya sauka daga jirgin Kano ranar jajibirin babbar salla da akwatin kwano mai zanen furanni a ka, da rediyo a cikin rigarta ta fata rataye a kafaɗa. Washegari, gari bai gama wayewa ba, hayaƙin murhu na farko yana tashi, tumaki suna kuka a turke, ya fito ya tsuguna a bakin rariya da buta, ya zaro wani farin bututu daga aljihu, ya matsa wani abu kamar farar tsutsa a kan ɗan tsinke mai gashi, ya kama dirza. Ni ina gefe na saki baki. Kumfa ta cika masa leɓe, ta gangaro haɓa, tana ɗiga ƙasa. Daidai nan Kaka ta ɗaga asabari ta fito alwala. Ta saki moɗa, ta rafka salati, tana kiran a zo a riƙe ɗan mutane, farfaɗiya ta kama shi a gidanmu ranar salla.

Kawu ya tofar, ya kurkure, yana dariya har da ƙwalla.

"Lafiyata ƙalau, Iya. Makilin ne."

Kaka ta dube shi sheƙeƙe, ta dubi kumfar da ke ƙasa.

"Waye kuma Makilin?"

Ta ɗauka wani sabon iska ne na birni, cikin waɗanda ba a san kirarinsu a nan ba. Gida ya kaure da dariya, har Baba da ke zaure ya leƙo. An daɗe ana tsokanarta da wannan tambayar, in jikokinta suna son ta jefe su da mafici, sai su tsaya daga nesa su ce, "Kaka, Makilin yana gaishe ki."

Kawu ya ɗiga mini ɗan mitsitsi a yatsa, bai fi ƙwayar dawa ba. Na lasa na haɗiye, don ba wanda ya ce mini tofarwa ake yi. Sai na ji kamar hunturu ya bar tsakar gida ya shige bakina. Na ɗebi ruwa na kurɓa, ruwan randar da na sani tun ina rarrafe ya zama wani ruwa daban, mai sanyin ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan farko. Wunin ranar, har aka sauko daga idi, har aka kayar da rago aka soma suyar kayan ciki, ina zagayawa bayan rumbu ina hura numfashi a tafin hannu ina shinshinawa.

Da zai koma ya bar wa Inna sauran. Ba ta kai shi baki ba. Ta sa shi a adudu, tare da tandun kwalli da kwalbar turare da jigidar amarcinta da wasu suloli uku ƙulle a tsumma, ya zama magani. Wanda rina ta harba a shafa masa, wanda ƙurji ya fito wa a goshi a ɗiga masa, wanda tartsatsin kasko ya ƙona a lakata masa, sanyin ya ɗauke hankalinsa daga kuka. Yanzu likitoci suna hana sa shi a ƙuna, na kuwa yarda da su, amma har gobe akwai ɗan tabo a bayan hannuna na hagu da nake jin yatsan Inna a kansa. Bututun na dalma ne mai laushi, ana naɗe shi daga gindi kamar tabarma, kullum yana ƙara gajarcewa, da ya ƙi ba da komai ta farke cikinsa da reza ta kankare da tsinke. Murfin ya zama nawa. Fari ne, mai tsaga-tsaga a jiki, na kafa shi a goshin motar kara ya zama fitila, da motar ta karye na mayar da shi ɗan dara, daga baya na riƙa yawo da shi a aljihu haka kawai, in na kaɗaita in fito da shi in sa hanci. Ya fi shekara yana riƙe da ƙamshin.

Da rani Baba mazarƙwaila yake yi. Wani tsohon doki ne ke juya injin matsa, yana zagaye da doguwar itaciya tun hantsi har la'asar, ƙarfe yana kuka, ruwan rake yana tsiyaya kore-kore cikin garwa, a juye a ƙaton kasko a yi ta iza busasshiyar tuƙa a ƙarƙashi, ƙudan zuma sun yi dafifi, ƙamshin zaƙi mai ƙauri ya kama riga ya kama gashi, har allona in na kai hanci sai in ji shi. Ranar kasuwar Maƙarfi mu ɗora wa jaki mangala mu kama hanya. Can za ka tarar da manyan motoci ana yi musu lodin rake har ya fi ƙarfin bodi, ga mutanen Kudan da tulin dankalinsu, ga na Ikara da buhunan tattasai da kauɗar tumatir, dillalai suna tafa hannu suna rantsuwa. Ni dai da an sauke kaya sai in zame in tafi teburin wani mai tireda, in tsaya ina kallon kwalayen makilin jere tsakanin basilin da ashana da sabulun sanda. Ban iya karanta baƙin da ke jiki ba, ban kuma ga abin karantawa ba tunda na san sunan. Kalma ce da ta zauna daram a baki kamar makulli, kamar madubi, kamar maburgi. Ni a zatona ma "ma" ɗin da ke kanta irin na maburgi ne, wato abin da ake yin kilin da shi. Haka na ɗauki takalmin ɗanlof: wani mutum ne ɗan Lof, kamar yadda ake da Ɗanladi da Ɗan'asabe, shi ke yanka su a wata rumfa a Kano.

Da na ci jarrabawar tafiya Zariya aka aiko da takardar kayan da za a zo da su. Bokiti, lauje, fartanya, bargo, tabarma, kwano da cokali, sabulu, a can ƙarshe buroshi da makilin. Baba ya sa aka sake karanta masa na ƙarshen sau biyu, ya ɗaga kai ya dubi darbejiyar ƙofar gida, bai ce komai ba. Ya sayar da akuya ya haɗa komai, har da shi.

A can ne na sami sabon suna. Mu biyar ne masu suna ɗaya a aji, uku daga ciki har sunan ubanninmu ɗaya, sai mai rajista ya yi mana abin da aka yi wa manya kafinmu, waɗanda aka liƙa wa Kano da Shagari da Zungur da Tafawa Balewa, ya liƙa wa kowa garinsu. Wannan ya zama Kudan, wancan Hunƙuyi, wani Paki, wani Ikara. Ƙauyenmu ya yi masa ƙanƙanta, ya ba ni Maƙarfi. Da na kawo sakamakon zangon farko aka karanta wa Baba sunan da ke sama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe garin ne ya haife ka."

A wannan hutun ne na yi abin. Inna tana tankaɗe a gindin turmi, gari yana sauka a faifai kamar hazo, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kai, in ka shiga kasuwa ka sayo makilin, na adudu ya ƙare."

Na ce, "Inna, ba makilin ake cewa ba. Maklins ne."

Ta ɗago. "Makilinsi."

"A'a, Maklins. Ki haɗe su, kar ki raba."

"Makilis."

Matan gida suka kwashe da dariya. Na sake maimaitawa, a hankali, ina nuna mata yadda ake ɗora harshe. Ta dube ni ɗan lokaci, gari ya yi mata fari a gira, sannan ta mayar da ido kan rariya.

"To, yi haƙuri, ɗan boko. Bakin namu ya riga ya bushe."

Ina hango yaron nan daga inda nake zaune yanzu, da farin kaki da sandal da gashi an tsaga masa hanya, kuma ban ji haushinsa ba, tausayi yake ba ni. Ya samo abu ne a birni yana ɗokin nunawa. Amma matar da yake koya wa kiran suna, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama nasa sunan ba, don shi ne ɗan fari. "Kai" take ce masa, ko "wannan yaron". Ba ta kama sunan Baba ba. Sunan Malam kuwa, surukinta, kakanmu da ya rasu kafin a haife ni, ko a mafarki ba ya fitowa daga bakinta, ita da Kaka duka. Yara uku aka raɗa wa sunan a dangi, dukansu Mai Sunan Malam ake ce musu, sai dai a bambanta da na Gimi da na Likoro da na gida. Wannan matar ce na tsaya a kanta ina gyara wa harshe.

Akwai wani Bature da ke koya mana labarin ƙasa a aji uku, dogo siriri, gashinsa kamar gemun masara. In kana son ka ga ransa ya ɓaci ka ce masa ɗan Ingila. Sai ya ja ka gaban taswira ya ɗora yatsa can sama, inda ƙasar ta yayyage ta zama tsibirai, ya ce shi mutumin Sikotilan ne. Turancinsa ya fi na sauran shiga kunnenmu, domin yana kaɗa "r" kamar mu, kuma yana da wani harafi a maƙogwaro irin "kha" ɗin da muka koya a allo. Ranar da ya fara kiran rajista ya zo kan sunana ya tsaya, ya ce, "Mak-Karfi. Kai ɗan ƙasarmu ne?" Muka yi zango guda muna koya masa "ƙ", ya yi ta shaƙe wuya yana ƙoƙari, bai samu ba. Har ya bar makarantar Makkarfi yake kirana, ni kuwa ina amsawa.

Wata Asabar yana duba ɗakunan kwana, kowa ya jera kayansa a kan gado, ya zo kan yaron Paki ya ga buroshi ba abokin tafiya. Yaron ya ce, "Sa, makilin ɗina ya ƙare." Baturen ya wuce taku biyu, ya dawo.

"Me ka ce ya ƙare?"

"Makilin, Sa."

"Sake faɗi."

Ya sa shi ya faɗa sau uku. Ni ina gefe kunya ta rufe ni a madadinsa, ina jiran a gyara masa kamar yadda na gyara wa Inna. Baturen dai ya gyaɗa kai ya fita.

Ranar Litinin bai buɗe taswira ba. Ya ɗauki alli ya rubuta Maclean a saman allo, ya ce wannan da muke matsawa a buroshi sunan mutum ne, sunan zuriya guda a ƙasarsu. Masu talla suna jan wutsiyar sunan su ce "klin" don ta yi kama da kalmarsu ta tsabta, amma a gida "Maklen" ake cewa, da "e" irin ta lemo. Sannan a ƙasa ya rubuta kalmomi uku da tazara a tsakaninsu, Mac Gille Eathain, ya ce wannan shi ne asalin, da yaren Galik, yaren kakarsa, kuma mu za mu fassara masa.

Ta farko, in ji shi, ɗa ce. Duk inda muka ga Mac ko Mc a goshin suna, ɗan wane ake nufi. In mace ce a yarensu Nic ake sa mata, 'yar wane. Aji ya ɗauki guna-guni, domin wannan ai namu ne. Wani ya ce Ɗanfodiyo, wani ya ce Ɗantata, wani daga baya ya ce Ɗanjuma. Ta biyu yaro ne mai hidima, bara, ko bawa. Nan ma hannuwa suka tashi: unguwarmu kaɗai akwai Bawa biyu da Ɗanbawa guda, ga kuma duk Audun da ke ajin. Yaron Hunƙuyi, wanda ya sauke Alƙur'ani kafin a kawo shi boko, ya miƙe ya ce bawa dai na Allah ne shi kaɗai. Baturen ya ce to mu ɗauki bara, ko almajiri, mutumin da ya jingina kansa da wani waliyyi. Ta uku sunan waliyyin ne, wanda Turawa ke ce wa John. Wani ɗan Wusasa ya ce Yohanna ke nan. Yaron Hunƙuyi ya ce Yahaya.

Ɗan Baran Yahaya. Gabana ya faɗi, domin sunan Malam ke nan.

Sauran suna ta murna, suna jefo masa sunaye yana fasawa kamar gyaɗa. Gwamna Macpherson, wanda muka haddace tsarin mulkinsa na 1951 saboda jarrabawa, ashe ɗan limamin coci ne, muka ce Ɗanliman. Makintosh, alawar nan ta gwangwani da alhazai ke kawowa tsaraba, wadda Gwaggo ta Ikara ke zuba allura da zare da maɓallai a gwangwaninta, ɗan shugaba ne, muka ce Ɗansarki. Na tambayi ɗanlof. Ya yi dariya ya ce wannan babu ɗa a ciki, Dunlop sunan wani ƙaramin gari ne a ƙasarsu da ya zama sunan mutane, ciki har da likitan dabbobin da ya yi wa keken ɗansa tayar iska a 1888. Ya nuna ni da alli: "Kamar kai da Makkarfi."

Sai da aka kusa buga ƙararrawa ya koma kan kalmomi ukun nan, ya ce bari mu ji yadda kakarsa ke faɗinsu in ta haɗa. Ya rufe ido. Abin da ya fito daga bakinsa ya yi kama da "Makh-kila-hen", a hankali, da ɗan numfashi a tsakiya. Ya ce Turanci ne ya matse sunan, ya haɗiye baran da ke ciki har ba a jin sa, saura "l" kaɗai ta maƙale. Ya juya wajen yaron Paki ya ce, "Ku kun buɗe shi kun mayar masa da wasalinsa. Rabona da in ji wannan 'kil' ɗin tun ina yaro a ɗakin kakata."

Na sunkuyar da kai ina kallon teburi. Akwai wani tsagi a katakon da wani ya cika da tawada, har yau ina ganinsa. Abin da ke kunnena kawai shi ne muryata ina cewa, ki haɗe su, kar ki raba.

Daga baya, da na girma na sami littattafai, na bi sawun sunan kamar mai bin sawun ɓataccen raƙumi. Na iske tsibirin Mul a yammacin Sikotilan, da gidan dutse na Duart a kan wani tsauni a bakin teku, da kakan zuriyar a ƙarni na 13, wanda ake yi wa laƙabi da mai gatarin yaƙi, mu da mun ce mai barandami. Na karanta yadda gidan ya suɓuce musu ya koma hannun zuriyar Campbell a 1691, ya zama kango, sai a 1911 wani tsohon shugabansu da ya haura saba'in ya saye shi ya sake ɗora masa rufi. Na daɗe a kan wannan shekarar, don ita ce shekarar da dogo ya ratsa Likoro da Gimi ya isa Kano, dogon da Kawu ya hau ya kawo mana sunan a aljihu. Na ga yadda aka tashi mutanen tsibiran daga gonakinsu don a yi kiwon tumaki, suka watsu Kanada da Ostareliya da sauran wurare, sunan ya rarrabu a rubuce, Maclean da McLean da Maclaine, kamar yadda Abubakar ɗinmu ya zama Habu da Buba da Garba da Bukar. Ɗaya daga cikinsu, George Maclean, ya riƙe Cape Coast tun daga 1830, ya ƙulla yarjejeniya da Asante a 1831, mutanen da a wancan zamani fatakenmu ke shiga ƙasashen da ke ƙarƙashinsu sayen goron Gwanja, a Cape Coast ɗin kuma ya mutu a 1847. Wani kuma, Alex Maclean, ya kafa kamfanin haɗa kayan kantin magani a Ingila a 1919, kamfanin Beecham ya saye shi a 1938. Shi ne mai bututun. Ban san kamanninsa ba, amma a Maƙarfi da Kudan da Ikara ko wane kamfani ne ya yi man goge baki, ja ne ko kore ko mai ratsi, sunan kakansa ake kira. Mai kanti zai tambaye ka, "Makilin wane iri?" Da azumi kuma sai ka ji an aika wa malami tambaya a rediyo, ko makilin yana karya azumi.

Kaka ba ta ji amsar tambayarta ba. Ta rasu ina aji biyu, da jan bakinta, kuma na sha tsayawa a ƙofar ɗakinta da aka mayar wurin ajiyar buhuna ina cewa a zuci, Kaka, ashe mutum ne.

Inna ma ban gaya mata da wuri ba. Na dawo hutu sau da yawa da maganar a bakina, in zauna kusa da ita in kasa, domin faɗinta yana nufin in tuna mata da ranar tankaɗe, yaro kuwa bai san ta inda ake fara wannan ba. Abin da na iya kawai shi ne na koma cewa makilin, da ƙarfi, yadda za ta ji. Ban sani ba ko ta lura.

Sai da na yi aure ina koyarwa a Ikara, ta zo mana jinyar ido ta yi wata biyu. Lokacin shanyar tumatir ne, duk filin bayan gari ya yi ja, iska tana kawo warinsa mai tsami-tsami har tsakar gida. A lokacin gawayi ya fi ƙarfin dasashinta, ta koma buroshi mai laushi. Wata la'asar tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube, na zauna a gefe na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga Baturen da allonsa har kakarsa ta tsibiri. Na ce mata yadda take faɗi ya fi nawa kusa da na masu abin. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Wace rana ke nan? Ni ban riƙe ba." Amma hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

Can ta ce, "Tsaya. Ɗan baran wa ka ce?"

Na yi shiru. Ni ma ban taɓa kama sunan a gabanta ba.

"Na Malam, Inna."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta kama haɓa, ta yi salati ƙasa-ƙasa.

"Kai, wannan yaro. Ashe duk shekarun nan gatsal nake kiran surukina, har ina aiken yara su sayo shi a kasuwa."

Na ce ai ba a jin sa, ya narke a ciki, ko masu sunan ma da yawa ba su san yana nan ba. Ta ce ita dai yanzu ta sani. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, ban iya rabe dariya ce ko kuka ba, na ga dai ta share ido da gefen zane ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Bayan kwana uku, da sassafe, ina ɗaure igiyar takalmi zan fita makaranta, na ji ta daga ɗaki tana kiran babbar 'yata, wadda take ce wa kishiya. Na ji ƙarar kwance bakin zane, da ƙarar tsaba.

"Zo nan, kishiya. Ungo, je ki kantin bakin titi ki sayo mini mai sunan Malam. Ƙaramin, ba babban ba."